Barkonon Kaka Aisa a Kan Kwalta

"Lafiya lau, amarya. Ina kwanan masu kwalta?" in ji Umara.

"Lale da angon da warin kifi ke riga shi sallama," in ji Kaka Aisa.

Umara direban babbar mota ne, yana ɗauko banda daga Baga sau biyu a mako. Kakarsa kuwa tana zaune a bakin sabuwar kwaltar da ta bi ta gefen Umarari, da sanda a hannu tana korar awaki. Ta shanya barkono har rabin hanya, daidai inda hanyar ta karya kwana. Mata huɗu na unguwar sun ga ta yi, su ma suka baje kuɓewarsu. Gobe Litinin, motocin kasuwa za su biyo a jere, Umara kuma ya ƙudura a ransa sai an kwashe shanyar nan kafin goben.

Ya ce mata gwamnati ba don miyarta ta zuba kwalta ba. Ta ce ai gwamnatin ma tana cin yaji, kuma tun kafin a haifi ubansa take shanya a wurin nan, mota ce baƙuwa, ita ya kamata ta yi sallama.

"Sallamar ce nake miki da ham ɗin mota, kunnen ne ya tsufa."

"Kukan jakin nan? Na ɗauka kai ne kake neman tuwo."

Ya ce zai sake ta ya auro 'yar Baga mai haƙora. Ta ce ya gaggauta, dama ta gaji da mijin da ta goya yana tsula mata fitsari, yanzu don ya sami hular direba yana kafa mata doka.

Umara ya tsuguna kusa da ita, ya rage murya.

"Kaka, shekaranjiya da na karyo kwanar nan da lodi, kina duƙe kina tsince. Na taka birki har ƙasa. Da na sauko na auna, taku uku ne tsakanin tayata da ƙafarki. Direban gobe bai san ki ba."

Ta juya sandar a hannunta. Can ta ce masa ba taurin kai ba ne. Ko'ina a garin nan yashi ne, kwalta ce kaɗai ke busar da barkono a yini ɗaya ba tare da tsakuwa ta shiga turmi ba. In ta tashi, sauran matan za su tashi, amma su koma ina?

Wannan tambayar yake jira. Ya koma bayan gida inda ya ajiye mota, ya jawo tsohon tampol baƙi na rufe lodi, ya shimfiɗa shi a filin bayan masallaci. Ya ce rana na taɓa shi zai fi kwalta zafi, kuma zai ɗauki shanyar mutum biyar.

Kaka Aisa ta zagaya tampol ɗin, ta taka shi, ta sunkuya ta shinshina.

"Sadakin naka ma warin kifi yake. To, na karɓa. Kwashe min."

Ya duƙa ya tattaro barkonon da hannu biyu, sai atishawa ta sarƙe shi, hawaye na zuba. Tsohuwar ta yi dariya har sandar ta faɗi, sannan ta juya ta ƙwala wa matan kira.

"Bintu, ku kwashe shanyarku mu koma fili. Ku bar wa mijina hanyarsa kafin ya ƙarar da hawayensa."