Sakainar da Aka Lulluɓe

A wani daji da ke bayan duwatsu akwai tsohuwar kuka a mararrabar hanya, inda masu sassaƙa suke rataye zanensu a kan sakaina don kowa ya gani. Ɗaukar zanen ba wuya: ka manna ɗanyen yumɓu a kai, ka ɗaga, ka tafi da irinsa gida. Saboda wannan sauƙin aka kafa Majalisar Izini, aka ce duk mai zane ya sa sawunsa a gefen sakaina, kuma kada kowa ya manna yumɓu sai mai sawun ya yarda. Doka ce mai kyau. Masu sassaƙa sun daɗe suna jiran ranar da za ta amfane su.

Akwai wani tsohon damo, Malam Nomau, wanda matarsa Kuluwa ta rasu da rani. Wata rana yana wucewa ta gindin kukar, sai ya ɗaga kai ya ga Kuluwa a zane a kan wata sakaina. Tana kwance a kan dutsen da take shan hantsi, ta karkata kai kamar yadda take yi idan ya faɗi abin da ba ta yarda da shi ba. A gefe akwai sawun Shamuwa Tasalla, wadda ta yi ƙaura tun ƙarshen damina. A bayan sakainar kuma gara ta fara gini.

Yumɓu na nan a bakin rafi, kuma babu kowa a hanya. Amma Nomau ya san wahalar sassaƙa, ya ga bai dace ya ɗauki gumin wata ba da saninta ba. Sai ya nufi majalisa.

Dila ne shugaba. A damansa Kura ce zaune, uwar 'yan kasuwa, mai rumfar fatu.

Nomau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, na zo neman izini. Fuskar matata na gani a kuka, gara kuma tana ci. Sau ɗaya nake so in manna yumɓu, in ajiye a ramina. Ba zan sayar ba, sawun mai shi ma ba zan goge ba."

Dila ya gyara zama. "Malam Nomau, Allah ya jiƙan Kuluwa. Ka burge mu. Da kowa irinka ne, da ba mu da aiki. Sai dai izini ba namu ba ne, na mai sawu ne. Mu masu tsaron ƙofa ne kawai."

"Mai sawun ba ta nan sai ruwa ya sauka."

"To ka ga ke nan an san ranar dawowarta. Wasu ko wannan ba su samu ba."

Kura ta yi hamma. "Ni ban ga abin wahalar da kai ba, Malam. Abin da aka rataye a hanya ai na masu hanya ne. Ni tuni na manna. Yana nan a ƙofar rumfata, kuma wallahi yana jan masu saye. Marigayiyar tana da fata mai kyau."

Nomau ya juya wurin Dila.

"Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka. Matata ce a ƙofar masu sayar da fata. A sa ta sauke."

"Na ji," in ji Dila a hankali, "amma jin kunne daban, ƙara daban. Mai sawu kaɗai ke da ikon kai ƙara. Kai mijin wadda aka zana ne, matsayi mai daraja ƙwarai, sai dai doka ba ta san shi ba. Ita Uwar Kasuwa ba ta nemi komai a wurinmu ba, don haka babu maganarta a gabanmu. Taka ce a gabanmu. Kuma ka san al'ada: duk zanen da aka nemi izininsa, lulluɓe shi ake yi da tabarma har a yanke magana, don kada mai nema ya gaji da jira ya yi abin kunya."

"Tabarma? Ranka ya daɗe, gara ba abin da take so kamar duhu!"

"Ba gara ce ta nemi izini ba, Malam."

Aka yi dariya kaɗan, irin ta masu ladabi. Kafin la'asar an lulluɓe sakainar, an ɗaure da igiya, an ajiye dogari a gindin kukar. Aikinsa ɗaya: hana Nomau matsowa.

Haka rani ya ja. Kullum Nomau yana zuwa ya kwanta daga nesa. Idan iska ta kwanta yana jin ƙaramar ƙarar cin gara daga ƙarƙashin tabarma, yana ganin garin sakaina yana zubowa a kan saiwa. Ya roƙi tsuntsaye masu tafiya kudu su kai saƙo, kowanne ya ce kudu da faɗi. A gefensa dabbobi suna wucewa da yumɓu a hannu, suna manna wa sauran sakainu, suna gaida dogari, yana amsawa. Da ya rufe ido yana neman fuskar Kuluwa, sai ya tarar ya fara mance ta wane gefe take karkata kai. Wannan ya fi komai tsorata shi.

Da hadarin farko Shamuwa ta sauka. Tun ba ta huta ba Nomau ya isa gare ta, ya faɗa mata komai.

"Haba, Baba Nomau!" in ji ta. "Wannan har sai an tambaya a zaure? Inna Kuluwa ce ta ce in zana ta, ta ce kada in gaya maka don za ka ce ɓata lokaci ne. Ka manna sau goma in kana so. Ni dai a bar mini sawuna."

Majalisa ta taru a gindin kuka, Dila ya yi jawabi a kan ribar bin ƙa'ida, aka kwance igiya. Tabarmar ma rabinta ya tafi. Abin da ya rage na sakainar bai wuce bakin da aka rataye ta da shi ba.

"Sake zana ta, 'yata," in ji Nomau.

Shamuwa ta sunkuyar da kai. "Baba, sai ina kallo nake iya sassaƙa. Amma zan kai ƙarar Kura, ta ba da wanda ta ɗauka."

"Kina da iko," in ji Dila. "Kawo sakaina mai sawunki mu gwada da nata." Ya dubi garin sakainar da ke ƙasa. "In babu, to na rumfa shi ne kaɗai a dajin nan, kuma na ga akwai sawun Uwar Kasuwa a gefensa. Malam Nomau ya san hanyar neman izini, ba sai an koya masa ba."

Nomau ya ja jiki har kasuwa. Ya tsaya a gaban rumfar, ƙarƙashin fatun da ke lilo, ya yi sallama.

Kura ta fito tana murmushi. "Malam, ni ba na wahalar da maraya ko gwauro. Izini kyauta ne. Na ma shigar da ita ciki saboda ruwa. Shigo da yumɓunka, ka manna a natse."

Nomau ya dubi duhun rumfar. Can ƙurya ya hango kan da aka karkata, gefen hagu ne ashe. Ya gyara riƙon yumɓunsa, ya shiga.

A wannan damina an yabi majalisa ƙwarai, domin babu wanda ya sake zuwa ya dame ta da maganar zane.