Jiƙaƙƙen Buhu

Gyaɗar damina guda na sayar na sayo ordinatar, wato kwamfuta, don wasan harbi da muke yi ta intanet da abokaina na Bande. Amma da faɗa ya yi zafi, na saita bindiga a kan mutum, sai tsinannen wasan ya tsaya cak, ya rufe kansa. Na zagi rezon intanet, na canja sim, na goge wasan na sake saukewa. Duk a banza.

Wata rana da azahar na taɓa jikinta, na ji zafi kamar kaskon tuya. Yayana Mamman ya ce, "Kai ta wurin mai gyara a Magarya mana."

Na ce, "Yaya, ba amalanke ba ce. Bar wa masu ilimi."

Ilimin nawa kuwa shi ne yadda muke naɗe bidon ruwa da jiƙaƙƙen buhu ya yi sanyi. Na tsoma buhu a ruwa, ko matsewar kirki ban yi ba, na lulluɓe ta. Wasa ya tafi sumul. Na harbe mutum uku, har na kira Yaya ya zo ya ga aikin ƙwaƙwalwa.

Yana tsaye ta yi tas, ɗaki ya cika da ƙaurin roba. Ya juya ya fita. Matata ta leƙo ta ce, "Maigida, ta yi sanyin?"

Har yau haushin bai sake ni ba. In babur ɗin wani ya mutu a kasuwa ina wucewa, sai ka ji an ce, "Ku jiƙo buhu, ga injiniya nan."