Ranar da Na Yi wa Mutanen Ladak Gyaran Ɗawafi

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kunyata kaina a Ladak ba, can ƙuryar arewacin Indiya, inda mabiya addinin Buddha suke zaune a kan duwatsu. Shekara talatin na yi a Jidda ina kwasar alhazai daga filin jirgi zuwa Makka, ina shige musu gaba a ɗawafi. Na ga Istambul, na ga Dakar, ina jin Larabci da Faransanci da ɗan Urdu. Da na ajiye aiki sai na sayi kyamara (zaman gida a unguwarmu ta Bani Malik a Jidda ya fara isata), na shiga wata tafiyar ɗaukar hoto, ni da matata Hajiya Rabi da Turawa shida.

Jagoranmu Tenzin magidanci ne ɗan garin, mai sanyin murya. Ya kai mu wani wurin ibada mai farin gini kamar tulun da aka kife, wanda mutane suke zagayawa suna addu'a. A ƙofa ya tara mu. Ya ce malaman wurin sun daɗe da korar masu kyamara, shi kaɗai suka bar wa izini, kuma da izinin nan yake ciyar da gidansa.

"In za ku wuce, ginin ya kasance a damarku," in ji shi. "Kullum a dama."

Na raɗa wa Hajiya, "Ni za a koya wa zagaye?"

"Yalla, mu je, ya ustaz," ta ce. "Ka dai buɗe kunne."

Rana ta fito ta bugi ginin, ƙanƙarar dutsen bayansa ta yi ja. Na kafa ido a kyamara ina neman inda hoton zai fi kyau, ƙafafuna kuwa suka yi abin da suka saba: suka sa ginin a haguna, yadda ake sa Ka'aba. Sai na ga mutane suna ta tahowa gabana, suna kauce mini. A raina na ce, mutanen nan ba su da tsari.

Abin da ya biyo baya shi ne nake jin nauyin faɗa. Wata tsohuwa ta ɓullo tana ɗingishi, carbi a hannu, leɓɓanta suna motsi. Na ɗaga hannu na tare ta, na nuna mata ta juya, kamar yadda nake yi wa alhajin da ya rikice. Har da Larabci: "Ta nan, ya hajja, ta nan!"

Ta tsaya. Na bayanta suka tsaya. Addu'a ta ɗauke ɗif.

Wani dattijon malami mai jan mayafi ya fito ya kira Tenzin. Ban ji yarensu ba, amma na ga yadda Tenzin ya sunkuya. Daga baya ya gaya mini ɗan tsohuwar ne ya rasu, shi take yi wa zagayen, kuma na katse mata.

Na je na tsaya gaban malamin. Duk harsunan da nake taƙama da su babu wanda ya yi mini rana. Tenzin ne ya fassara maganata cewa laifina ne, ba na Tenzin ba, mu a ɗakin Ka'aba ta hagu muke bi. Dattijon ya daɗe yana kallon ƙafafuna. Sannan ya ce izinin Tenzin yana nan, amma yau kowa ya mayar da kyamara jaka.

Turawan nan, da suka ƙetaro teku saboda hasken wannan safiyar, ba su ƙara yi mini magana ba. Hajiya ma ba ta tsokane ni ba, wanda ya fi tsokanar ciwo. Tsohuwar ta koma mafari ta sake sabon zagaye da gurguwar ƙafarta, ni kuwa na zauna a kan dutse ina kallon takalmana har ta gama.

Tun daga ranar, in na ga jama'ar gari duka sun taho gabana, na daina ɗauka su ne suka ɓata hanya.