Finjali Mai Jan Zare

Ko da na so in manta, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kusa ɓata wa Kemal aure da bakina.

Kemal Baturke ne, ɗaki ɗaya muka yi haya a unguwar Faisal lokacin muna ɗalibai a Alƙahira, farkon shekarun tamanin. Shi ya sa mini son Turkawa. Ina zazzaɓi ya dafa mini miyar adas, wani ƙanƙanin wake, idan zan yi tafiya ya watsa ruwa a bayana wai don in dawo lafiya. Kafin shekara na iya shan shayi a siririn kofinsu, na tara gashin baki, har 'yan uwana Hausawa suna ce mini Baturken Fagge. (Ni kuwa daɗi nake ji, ban san tsiya suke mini ba.)

Sai Kemal ya ga Emine, 'yar wani Baturke mai sayar da darduma a unguwar Ma'adi. Uban ba ya son ɗalibi, da ƙyar ya yarda a zo a gaisa. Kemal ba shi da kowa a Masar, ya ce, "Abi, kai ne yayana, kai za ka nema mini." A mota ya so ya yi mini bayanin al'adarsu, na ɗaga masa hannu na ce, "Khalas, ni za ka koya wa Turkawa?"

Na sha babbar riga, na zauna a falo ina hura hanci. Emine ta shigo da tiren gahawa. Finjali ɗaya ta ware a gefe, an ɗaura masa jan zare. Na ce a raina ai wannan na babban baƙo ne, kuma wa ya fi waliyyin ango girma? Tana nufar Kemal na miƙa hannu na ɗauke. Ta zaro ido, na ɗauka kwarjinina ne.

Na kurɓa. Jama'a, gishiri! Na yi ƙoƙarin haɗiyewa, maƙogwarona ya ƙi, tari ya ƙwace mini na fesa shi kan dardumar siliki ta mai gida. Maimakon in kama bakina, sai na ce bari in rufa wa yarinya asiri, na dubi uban na ce: "Ma'alish, Baffa, a yi haƙuri, kowa yana rikita gishiri da sukari. Za ta koya."

Ashe da gangan amarya ke zuba wa manemi gishiri, idan ya shanye bai yamutsa fuska ba an san zai iya haƙuri da ita. Na cinye wa Kemal jarrabawarsa, na faɗi, na kuma ce 'yar mutane ba ta iya girki ba. Uban ya haɗe rai. Na ji kamar in shige ƙarƙashin dardumar.

Kemal ya tashi, ya karɓi finjalin daga hannuna, ya shanye ragowata har guggubin, yana murmushi. Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya fashe da dariya ya ce, "Wanda ya iya haƙuri da wannan abokin zai iya da 'yata."

An yi auren. Har yau ina ƙaunar mutanen nan, kuma duk wanda zai zo daga wajensu sai Emine ta aiko mini da gahawa, da ƙullin gishiri a gefe. Tun ranar, ko a gidana aka kawo tire, sai na jira an miƙo mini.