Rasuwar Akawu, Wayar Kafinta Mai Guntun Yatsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da babban yatsa da ya rasa abin ja, kafintan ƙarshen layinmu, wanda shagonsa ke kallon famfo, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk masu jiran aikinsu, rasuwar wayarsa wadda aka fi sani da Akawu. Ta rasu da hantsi a kan teburin aiki, tsakanin gwangwanin gam da kwalin ƙusa, bayan doguwar jinya da ta yi haƙuri da ita. Ta cika tana bakin aiki, da rabin saƙo a bakinta.

Marigayiya ba da sabuntarta ta shigo gidan kafinta ba. 'Yarsa, wadda nas ce, ita ta fara morar ta, da ta samu wata sai ta miƙa wa mahaifinta. A farkon zamansu ba wata shaƙuwa tsakaninsu. Ya kira, a kira shi, shi ke nan. Rubutu kuwa ko kusa, domin tun yana saurayi zarto ya cinye masa kan manuniya da kan yatsan tsakiya, babban yatsan da ya rage kuma faɗinsa ya kusa kan guduma. In ya nufi harafi ɗaya, sai ya danne shi tare da maƙwabtansa na dama da hagu. Mutumin da ke haɗa ƙofa ba a ga bakin haɗin ba, ya kasa rubuta sunan kansa a gilashin waya.

Abin bai dame shi ba sai da ciwo ya taɓa Yaya. Yaya ita ce babbar yayarsa, wadda ta goya shi ta kuma koya masa karatu, tsohuwar malamar makaranta da ke zaune a wani gari mai nisan yini guda a mota. Har yau da furfurarsa Auta take kiransa. Da can duk ƙarshen mako sai ya kira ta sun yi ta hira har kunne ya yi zafi. Sai wani zazzaɓi ya kwantar da ita, ta tashi lafiya amma ya tafi da jinta. Kira ya daina amfani, saƙon murya ma haka. Ita ba ta karaya ba, ta koma rubutu, tana aiko masa da dogayen saƙonni masu waƙafi da aya kamar takardar jarrabawa. Shi kuma sai ya yi gumi kafin ya mayar mata da kalma ɗaya: to.

Ya gwada sa 'yarsa ta riƙa rubuta masa. Ba a je ko'ina ba Yaya ta gano, ta ce wannan ba Auta ba ne, Auta bai taɓa yi mata fatan tana cikin ƙoshin lafiya ba tunda aka haife shi. Ban da haka, akwai maganar da mutum ba zai bi ta bakin 'yarsa da ita ba: ciwon gwiwar da yake ɓoye wa gida, da tsoron ranar da hannu zai ƙi riƙe guduma, da ɗan gulmar dangi da sai su biyu ke jin daɗinta. Saƙonninsa suka yi ta raguwa. Rannan Yaya ta rubuto cewa kada ya damu, ta fahimta, kowa ma yakan gaji da kurma. Mai ɗakinsa ta shaida cewa a ranar ya yanke ƙofar wani mutum ta gaza, abin da bai taɓa yi ba.

A cikin wannan hali ne Akawu ta nuna ko ita wace ce. 'Yarsa ta saka mata wani allon haruffa wanda ba a dannawa, ja ake yi. Mutum ya ɗora yatsa a harafin farko, ya zarce da shi ta kan sauran haruffan ba tare da ya ɗaga ba, ita kuma wayar ta duba hanyar da ya bi ta gane kalmar da yake nufi.

"Baba, kada ka ɗaga," in ji 'yar. "Ja shi kamar kana jan layi a katako."

Ai kuwa an zo gidansu. Kafinta ya ja, wani siririn layi shuɗi ya bi bayan yatsansa kamar wutsiya, kalma ta faɗo cikakkiya. Saƙon farko da ya aika da hannunsa shi ne: Yaya ina kwano. Kafin ya gano ɓarnar amsa ta iso: "Kwano yana kicin. Na kwana lafiya, Auta. Yau dai kai ne." Ya zauna a benci yana dariya har idonsa ya kawo ruwa, ya ce wa maƙwabcinsa mai walda garin katako ne ya shiga masa. Tun daga ranar ya raɗa wa wayar suna Akawu.

Marigayiya mai ladabi ce, mai saurin ɗaukar karatu. Duk kalmar da ya gyara mata sau ɗaya ba ta sake sa shi ya maimaita. Ta koyi sunayen katako da na fenti, ta koyi laƙabin kowa a dangi har da waɗanda ba a faɗa a gaban masu su. Ta koyi haruffa masu lanƙwasa, bayan da kafinta ya rubuta wa Yaya cewa baki sun cika masa gida, ita kuma ta tambaye shi bakin wa, haƙora nawa. Ta san in ya rubuta Yaya, abin da ke biye shi ne kin ji, sai ta ajiye masa shi a sama tun bai nema ba. Ta kuma san halin sana'a, domin duk sa'ad da mai aiki ya tambayi yaushe za a gama masa, kafin kafinta ya motsa yatsa ta riga ta miƙo masa kalmar gobe. Ba ta taɓa tona masa asiri a kan wannan ba.

Muryarta ba ta da yawa. In yana ja takan yi ƙit ƙit a hankali, kamar ɓera a bayan kabad. In saƙo ya fita ta ce fuu. In na Yaya ya shigo ta yi wani ɗan fito, fiit, wanda kafinta kan ji ko injin yanka na kuka, alhali mai ɗakinsa na iya kiransa daga bakin ƙofa har muryarta ta dushe. An sha magana a kan wannan a gida.

Ba za a ɓoye ba, marigayiya tana da nata ajizancin. Ta taɓa sanar da wani mai makaranta cewa kurciyoyinsa sun kammala, saura a shafa musu mai, alhali kujeru ake nufi. Mutumin ya zo da kansa ya gani. Ta taɓa aika wa mai gidan haya saƙon da aka yi domin mai ɗaki, har yau in sun haɗu da kafinta kowa ƙasa yake kallo. Iyali sun yafe mata, suna kuma roƙon duk wanda ta ɓata wa ya yafe.

Ciwon ajalinta ya faro ne ranar da gefen katako ya share ta daga tebur ta faɗi a kan fuskarta. Ta tashi da tsaga daga sama har ƙasa, wani siririn yanki na tsakiyar gilashin ya daina jin taɓi. A wannan yankin kuwa harafin y yake, da h, da b. Ke nan ba Yaya, ba haƙuri, ba barka. Wani zai yar da ita a nan, amma kafinta ya gano in ya kwantar da ita a gicciye haruffan kan matsa gefe su kauce wa ciwon. Haka suka ci gaba, yana juya ta kamar mai jinya yana juya majinyaci. Daga baya batirinta ya kumbura har bayanta ya ɗaga, ya ɗaure ta da roba. Sai ta fara cin wuta ba ƙoshi, ba ta iya nisa da caja. Can kuma ta fara sambatu, tana rubutu ita kaɗai ba wanda ya taɓa ta. An kai ta wurin mai gyara, ya buɗe ya duba ya rufe, ya ce a kai ta gida a kyautata mata. Ya ƙara da cewa masu wannan allon sun daɗe da daina yin sa, kuma duk kalmomin da ta koya a cikinta suke, ba su da kwafi a ko'ina.

A ranar da abin zai faru, kafinta yana gama wata kujera mai hannu da ya daɗe yana yi wa Yaya a ɓoye, mai ɗan tudu yadda gwiwa ba za ta sha wuyar tashi ba. Daɗi ya kama shi ya kasa riƙe sirrin. Ya ɗauki Akawu zai rubuta cewa ya kusa gama kujerarta. Ya ja Yaya, ya ja na kusa. Marigayiya, cikin son taimako irin nata har ƙarshe, ta ƙarasa masa da kalmar da ta ga ta dace, ta aika da kanta. Ta ce fuu, fuskarta ta yi fari, ta yi duhu. Ba ta sake farfaɗowa ba. Abin da ya isa wurin Yaya shi ne: Yaya na kusa tafiya.

Yaya ta rubuto masa, shiru. Ta sake, shiru. Ta rubuta wa 'yarsa tana tambayar me ya sami babanta. 'Yar tana tsakiyar aiki a asibiti, ta amsa a gurguje da iyakar abin da mahaifiyarta ta gaya mata, cewa tun hantsi yake zaune ya ƙi cin abinci, ya ƙi magana da kowa. Gaskiya ta faɗa, sai dai ba ta ambaci waya ba. Yaya kuwa, matar da ta yi shekaru tana cewa ta gama hawa mota a rayuwarta, saboda ba ta jin abin da ake ce mata a tasha, ta zura kaya a jaka ta kulle ɗakinta.

Washegari da la'asar kafinta yana goge ƙafar tebur, ransa a jagule, sai inuwa ta tare masa haske. Ya ɗaga kai ya ga Yaya a bakin shago, ƙafafunta sun kumbura da zaman mota, idanunta sun yi ja. Ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ga mutum garau da fensir a bayan kunne. Ta matso ta ɗaga jakar hannunta ta sauke masa a kafaɗa, ta ƙara, sannan ta riƙe rigarsa ta fashe da kuka.

"Ina za ka?" ta ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa. "Ina za ka ba ka gaya mini ba?"

Ya buɗe baki zai yi bayani, ya tuna ba amfani. Ya nuna mata gawar Akawu a kan tebur. Ya zaro fensir ya ɗauki guntun katako ya rubuta mata abin da ya faru da manyan haruffa. Ta karanta, ta share ido, ta karɓi fensirin ta ƙara lanƙwasa a kan wani harafi da ya manta. Sannan ya janye zanen da ya rufe kujerar da shi. Ta zauna, ta jingina, ta ɗora hannuwa, ta ce ta ɗan yi tsayi. Ba ta tashi daga kai ba har aka rufe shago.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif a wuya, da rigar roba da ta yi baƙi da gam, da sim wanda aka ciro lafiya. Hirar shekaru kuwa ta tafi da abinta. Ta bar magajiya, sabuwar waya da 'yarsa ta kawo, mai faɗin fuska da ƙyalli. Ita ma ana jan yatsa a kanta, amma ba ta san kowa ba tukuna. An ja mata Yaya ta rubuta yoyo.

Za a yi mata sutura a shagon kafinta bayan an tashi daga aiki. Ya riga ya haɗa mata akwati daidai tsawonta da ragowar katakon kujerar, ba ƙusa ko ɗaya, an shimfiɗa garin katako mai laushi a ciki. Za a ajiye ta a durowar ƙasa ta teburin aiki, kusa da tsohon zarton da ya yi ritaya. Mai walda ne zai riƙe murfi. Ana roƙon masu halarta su rufe bakin wayoyinsu don girmama mamaciya, kada kuma kowa ya zo da shawarar irin wayar da ta fi. Masu jiran aiki su ƙara haƙuri, ba a samu wanda zai ce musu gobe ba.

Za a ci gaba da karɓar gaisuwa a gidan kafinta, a tsakar gida, inda aka kai kujerar. Mai ta'aziyya ya zo da ita a rubuce, domin Yaya ce ke karɓa, kuma tana dubawa kafin ta amsa. Ba a sa ranar tashi daga zaman makoki ba, saboda Yaya ta ce ba za ta koma gida ba sai sabuwar wayar ta iya rubuta ta daidai. Kafinta ya ajiye wayar a saman kabad a cikin kwalinta, ya ce sai hankalinsa ya kwanta zai fara koya mata.