Ɗigon Shugaba a Wuyan Kafireta

Idan ana lissafin waɗanda Allah ya yi wa baiwar sanin tsohon babur, a fara da Shugaba, a rufe da Shugaba, tsakiyar takardar a bar ta fili. Shi ya kafa Ƙungiyar Masu Tsofaffin Babura, shi ya rubuta mata dokoki goma sha biyu, shi ya tsaya takarar shugabancinta shi kaɗai, ya kuma ci zaɓe da gagarumin rinjaye. Shekara talatin ya yi a ofishin ajiyar takardu yana buga hatimi. Da ya yi ritaya sai hannun ya ƙi hutawa, don haka ya nemi ɗan gwangwanin jan fenti da tsinke. Duk babur ɗin da ke son shiga ƙungiya sai an tsayar da shi gabansa, ya zagaya shi sau uku, hannuwa a baya. Abin da ya tabbatar na asali ne, wato wanda babur ya fito da shi daga kamfani, sai ya ɗiga masa ja. Abin da bai samu ɗigo ba jabu ne, ko da mai kamfanin ne ya taso daga kabari ya rantse. A gabansa Shugaba ake ce masa. A bayansa kuwa Mai Ɗigo.

Abin burgewa shi ne duk wannan ilimi ya same shi bai taɓa ɓata farce ba. Sifana ba ta san tafin hannunsa ba. Makaminsa ɗaya ne, wata 'yar sukudireba da yake sokewa a aljihun gaba kamar biro. Yana da tabarau, amma ba ya sa shi a cikin jama'a, domin a cewarsa masani da kunne yake gani. Ba ya kuma sunkuyawa, saboda karin gugar wando.

Babur ɗinsa, wanda kowa ke kira Tsohuwa, na mahaifinsu ne. Baƙa ce, mai dogon tanki, kuma a kanta marigayi ya yi shekara ashirin yana raba wasiƙu. Da aka yi rasuwa Shugaba ya ɗauke ta zuwa gidansa, wai don ta samu kulawar masana. Haka rabon ya kasance: Shugaba ya gaji babur, ƙanensa Auta ya gaji hannun Baba.

Auta mai faci ne. Rumfarsa na bakin titi, da injin iska, da bahon ruwa da yake nutsa tub ɗin taya a ciki yana jiran kumfa. Ya haura hamsin, kansa ya yi furfura, amma a wurin Shugaba har yanzu Auta ne, wanda ba a tambayarsa ra'ayi. Aikinsa ke nan tun yana saurayi, neman inda iska ke sata. Shi ya sa tun bara kunnensa ya ƙi kwanciya da Tsohuwa. In an tashe ta sai ta yi ta ihu ita kaɗai ba a taɓa totur ba. In an saki totur sai ta yi tari ta salansa. Tafiyar minti goma, inji ya yi zafin da za a iya gasa masara a kai.

Shugaba yana da bayani a kan kowanne. Ihun, ƙarfi ne ya yi mata yawa. Tarin, man zamani ne da ba shi da tarbiyya. Zafin kuwa, iskar duniya ce ta lalace, ba irin wadda aka ƙera babur ɗin da ita ba. Bayan kowane bayani sai ya zaro sukudireba, ya murɗa ɗan sukurun kafireta kwata, ya ɗaga yatsa a yi shiru. Sai a yi shiru. Tsohuwa ce kaɗai ba ta bin umarni.

Wata rana da aka kawo ta shan iskar taya, Shugaba ya juya yana amsa gaisuwa, Auta ya tsuguna. Tsakanin kafireta da inji akwai wani gajeren wuya na roba, ta nan mai da iska ke wucewa. Ya ɗiga ɗan fetur a kai. Nan take muryar inji ta sauya. Ya shafa da babban yatsa, ya ji roba ta bushe ƙamas, ta tsattsage kamar dugadugin manomi. Iska na shiga ta ɓaraka, mai ya yi ƙaranci, inji na cin kansa da zafi. A gefen babbar tsagar ga jan ɗigon nan, wanda aka yi shi tun zamanin da gwiwar Shugaba ke lanƙwasuwa.

"Yaya, robar nan ta mutu," in ji Auta. "Tana satar iska. In ba a sauya ba fistin zai huje."

Shugaba ya dube shi da tausayin da ake yi wa marar lafiya.

"Auta, kai roba ka sani, ni kuma tarihi na sani. Wannan robar hannun injiniyoyin farko ne ya ɗaura ta. Ta ga abin da kai ba ka gani ba. Abin da kake kira tsaga, mu a fannin nan alamar dattako muke ce masa. Ka tsaya a kan tayoyinka. Duk ranar da na ga hannun faci a jikin injin nan, zan sa a mayar da komai yadda yake, in rufe gareji da kwaɗo biyu."

Auta ya koma kan aikin taya. Da zancen ya tsaya nan da ya haƙura, don ya saba. Amma sai Shugaba ya shelanta cewa ranar Asabar ƙungiya za ta yi jerin gwano zuwa madatsar ruwa, kilomita sittin, rabinsa hawan tudu ne, kuma Tsohuwa ce a gaba. Auta ya san ba za ta kai rabin tudun ba. Ya kuma san irin fistin ɗinta ya ƙare a duniya, don ya yi cigiya har ya gaji. In ya huje, shi ke nan, abin da Baba ya bari ya zama kujerar ado. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai. Sabuwar roba kam yana da ita, wata uku ke nan tana naɗe a tsumma a ƙasan akwatin kayan aiki, sai dai babu hanya.

Hanyar ta samu ranar Alhamis da hantsi. Shugaba ya tafi wurin aski, daga nan ya wuce a buga masa jawabinsa mai shafi shida. Matarsa ce ta buɗe wa Auta gareji.

"Ni ban gan ka ba," ta ce, tana miƙa masa makulli. "Amma wallahi na gaji da turin babur ɗin nan. Jiya har maƙwabciya sai da ta sa hannu."

"Ki taimaka mini da ruwan zafi a kwano, uwar gida."

Ya jefa sabuwar roba a ruwan zafi don ta yi laushi. Ya rufe mai, ya cire tiyo, ya sassauta zoben ƙarfen da ya shaƙe wuyan, ya ja kafireta baya a hankali yana girgiza ta. Kusoshi biyu ne suka riƙe tsohuwar roba a jikin inji, ɗaya ya ƙi, sai da ya lallaɓa shi da ɗigon mai da haƙuri. Da ta fito ya ɗaga ta wajen taga, haske ya ratso ta wuri huɗu. Ya kankare dattin bakin inji har ya yi sumul, ya kwantar da siririn zoben roba a raminsa, ya ɗora sabuwar tana ɗumi. Ya ɗaure kusoshi bi da bi, wannan kaɗan, wancan kaɗan, kamar yadda Baba yake yi, ba a danne ɗaya a bar ɗaya. Sai ya koma kan sukurun nan da ya sha murɗar shekara da shekaru. Ya mayar da shi ciki, ya warware shi zagaye biyu da rabi. Bugu ɗaya Tsohuwa ta tashi, ta zauna a kan murya ƙasa-ƙasa, tif, tif, tif, irin wadda suke ji daga lungu suna yara su san Baba ya dawo. Auta ya kashe ta da sauri.

Tsohuwar robar ce ya kasa jefarwa. Ya kai hannu bakin kwandon shara ya fasa. Ya sa ta a aljihu, da ya koma rumfa ya ajiye ta kan tebur kusa da gwangwanin gam, da niyyar ɓoyewa anjima. Anjima ba ta zo ba.

Ranar Asabar da safe babura goma sha ɗaya suka jeru gaban rumfar, kowa na son iska kafin a kama hanya. Shugaba ya iso ƙarshe, kamar yadda ya dace da manya, cikin farar kwat da safar hannu. Tsohuwa na tafe lafiyayye. Aka kewaye ta. Tela, wanda aka taɓa hana ɗigo saboda ya sake wa sirdinsa fata, ya tambayi sirrin. Shugaba ya ajiye shafi shida, ya yi magana daga zuciya.

"'Yan'uwa, shekara bakwai ina neman wannan murya. Jiya na tashi da asuba, na saurara, na murɗa kwata ɗaya tak. Kun ji sakamako. Wasu, ba zan kama suna ba, sun ce a cire kayan asali a sa na kasuwa. Da na biye musu, da yau ba ku ji abin da kuke ji ba. Ku dubi wuyan kafiretar nan. Shekara arba'in da biyar, ko ƙwarzane babu. Wannan shi ake kira kulawa."

Aka sunkuya aka duba. Lallai ko ƙwarzane babu. Ɗigo ma babu, amma ba wanda ya ga ya dace ya ɓata jawabi. Auta ya duƙufa kan tayar tsohon hedimasta, yana addu'a a tafi.

Da an tafi ɗin, sai dai Shugaba in ya fara koyarwa ba ya tsayawa sai ya samu misali. Ya waiga, idonsa ya sauka kan tebur. Shugaba ya ɗauki tsohuwar robar da yatsa biyu, ya nesanta ta da farar kwat iya tsawon hannu.

"Madalla. Ga abin da nake faɗa. Ku dubi wannan ƙazanta. Jabu ce, daga nesa ma ana ganewa, ko ƙamshin kamfani babu. Wani ne ya bar babur ɗinsa yana shaƙar iska ta wannan tsumma, inji na kuka, shi yana yawo yana cika baki. Wannan ba mai babur ba ne, jaki ne aka ɗora a kan ƙarfe. Auta, kada ka rufa masa asiri. In ɗan ƙungiya ne, doka ta bakwai ta hau kansa, kora babu ɗaukaka ƙara. Sakatare, buɗe littafi. Ku karɓa, kowa ya gani da idonsa, ya zama darasi."

Ya miƙa wa tela. Tela ya juya ta, ya tsaya, ya sake juyawa, fuskarsa ta yi wani irin haske. Ya miƙa wa hedimasta. Hedimasta ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, ya miƙa gaba. Haka ta bi hannu goma, kowa ya kai kan jan ɗigon sai ya kama duban takalminsa. Shugaba ya ɗauki shirun nan a matsayin tasirin jawabi, ya ƙara bajewa. Ta ƙare a hannun Sakatare, mutum mai bin ƙa'ida wanda bai taɓa yin wasa ba a rayuwarsa. Ya duba, ya miƙa ta da hannu biyu, ɗigon na kallon sama.

"Ranka ya daɗe, sunan wa zan rubuta?"

A karon farko a tarihin ƙungiya, Shugaba ya laluba aljihu ya sa tabarau. Ya dubi ɗigon. Ya dubi wuyan kafiretar Tsohuwa, har ya sunkuya, karin guga ya karye. Ya dubi Auta. Auta ya ga lissafin na gudana a fuskar yayansa: in ya ce a mayar da robar, ya amsa sunan jaki, in ya yi shiru, Tsohuwa ta tsira. Sai ya ji tausayinsa ya kama shi, don ko ba komai Yaya ne.

"Yaya, rana na yi," ya ce a hankali. "Tudun nan gara a hau shi da sanyi."

Shugaba ya miƙe, ya cire tabarau, ya zura robar a aljihun farar kwat.

"Wannan lamari ya fi ƙarfin gaggawa," ya ce. "Akwai alamar an yi jabun ɗigona. Sakatare, rubuta: an kafa kwamitin bincike na mutum ɗaya, ƙarƙashin jagorancina, don gano mai wannan roba."

Sakatare ya rubuta. Aka tashi babura. Tsohuwa ta haye tudun ba ta yi tari ko sau ɗaya ba, ta dawo da yamma inji da ɗumi kawai, Auta ya dafa shi da tafin hannu ya tabbatar. Makullin gareji kuma tun ranar matar Shugaba take mantawa da shi a rumfar faci, ba wanda ya taɓa cigiyarsa.

Kwamiti dai yana nan yana aiki tuƙuru. Shekara biyu ke nan bai gano jakin ba, duk da cewa kullum da safe suna haɗuwa a madubi.