Rasuwar Rediyon Motar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa masu cike da shuuu, iyalan tsohon direba suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar rediyon motar mahaifinsu, wanda ya cika ranar Talata da hantsi a ƙarƙashin rumfar ƙofar gida, bayan jinyar da ba shi ya jawo wa kansa ba.

Marigayin ba wani kyakkyawa ba ne. Ɗan akwati ne baƙi, bai kai tafin hannu ba, yana zaune a bayan wani allon kwamfuta da babban ɗan Baba ya kafa a gaban motar. Wannan ɗan shi ne Yaya, wanda yake sayar da caja da murfin waya a bakin titi, kuma tun da ya gyara fankar wani maƙwabci yake so a riƙa kiransa Injiniya. Shi ya cire tsohon rediyon mai maɓallin murɗawa, ya ce ya tsufa, yana zubar da mutuncin gida. Tsohon rediyon nan bai taɓa ko tari ba. Yaya ya ba wani abokinsa shi.

Baba ba ya ganin allon balle ya yaba. Tun da idonsa ya dushe likita ya raba shi da tuƙi, motar ba ta sake hawa titi ba, tayoyinta sun zauna. Amma kullum da safe sai ya sa hula, ya lallaɓa da bango har rumfa, ya zauna a bayan sitiyari, ya kunna labarai. Daga ɗaki zuwa motar nan ita ce duk tafiyar da ta rage wa mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan hanya. In labarai sun yi daɗi ya daki sitiyari, in sun ɓata masa rai ya danna hon. Muddin rediyo na magana, Baba na fita.

Cutar marigayin ta haihuwa ce. Wayar eriyar motar tana da kai mai kauri kamar fensir, shi kuwa ƙofarsa 'yar ƙarama ce mai zare, sai an murɗa. Yaya ya tura, ya danna, ya tofa wa abin yawu, ya ƙi shiga. Ya sayo abin haɗi, ya zo bai dace da ko ɗaya ba. Sai ya ce ai turawan da suka ƙera motar ne ba su yi tunani ba, ya sa almakashin Mama ya datse kan wayar, ya cusa zallar ƙarfen a ramin, ya naɗe da salatif. Ya ga wata shuɗiyar waya tana lilo a gefe, ya ce ƙari ce, ya datse ita ma. Har yau ba a san aikinta ba, amma daga ranar muryar mai labarai ta koma kamar ta wanda ya faɗa rijiya.

Za a daɗe ana tuna kalaman marigayin na wancan lokaci. "Masu saurare barkanmu da shhhh." "Gwamnati ta ce ƙurrr ƙurrr za ta tsss." Ya kasance mai rufin asiri, bai taɓa ƙarasa mummunan labari ba.

An yi masa magani iyakar ƙoƙari. An ɗaura hangar kaya ta ƙarfe a rufin mota a matsayin eriya. An kira almajiran Injiniya uku suka tura motar gaba, suka dawo da ita baya, wai a nemo inda iska ta fi kyau. Yaya ya kalli bidiyo a waya, ya dawo yana faɗin kalmomi masu tsawo, ya ce matsalar daga sararin samaniya take. Ƙanwarsa, mai rubuta wannan sanarwa, ta tambaye shi ko sararin samaniyar ne ya ɗauki almakashi, ya ce ita karatun me ta yi.

Sauƙin da marigayin ya samu ta hannun Mama ya zo. Wata safiya ta kawo wa Baba ruwa, ta ga wayar eriya ta zazzago ta taga, ta kama don ta mayar, sai murya ta fito tar, kamar mutumin yana kujerar baya. Ta saki, shhhh. Ta kama, ya dawo. Baba ya ce kar ta motsa. Daga nan kullum Mama na tsaye a jikin ƙofar mota, waya a tsakanin yatsu, ɗaya hannun a ƙugu, tana mitar aikinta na jiranta, amma ba ta taɓa saki kafin a gama ba. Ita da Baba, da suka yi shekaru ba sa wuce ina kwana da ga abincinka, sai ga su suna gardama a kan farashin mai da wanda ya kamata a kora daga mulki.

Yaya ne bai ji daɗi ba. Ya ce mutane na wucewa suna ganin mahaifiyar Injiniya ta zama eriya. Ranar Talata ya zo da ƙarfen narka dalma na aro, ya ce minti biyar. Aka ji ƙauri, wani siririn hayaƙi ya fito ta bayan allo. Maganar marigayin ta ƙarshe ita ce "a wani labarin kuma", sannan ɗif. Ko shhhh ɗin bai bari ba. Yaya ya ce dama kwanansa ya ƙare.

Ya rasu ya bar allo mai haske wanda yake nuna agogon wata ƙasa, da lasifika huɗu marayu, da hangar kaya, da Mama wadda har yanzu take leƙa rumfa in lokacin labarai ya yi. Washegari Baba ya sa hula ya fita, ya zauna, ya jira, ya dawo. Ranar Alhamis bai sa hular ba. An kai masa ƙaramin rediyo ɗaki, ya ce a kashe, shi ba mara lafiya ba ne da zai ji labarai a kwance.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe. Ba za a ciro marigayin ba, da makwancinsa zai tafi, domin Baba da kansa ya aika a kira mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya miƙa makullin motar. Ana roƙon masu ƙarfi su zo da wuri a taya turi, tayoyin ba iska. Injiniya ya nemi ya yi jawabi, iyali sun ba shi haƙuri. Masu ta'aziyya kar su tsaya a rumfa, ba kowa a can. Su wuce ɗakin ƙarshe, su yi sallama da ƙarfi, za su sami Baba fuskarsa na kallon bango.